Neman shawara: binciken barci da ake biyan kuɗi a Amurka, da aikin dare a ɗakin gwajin barci

Nura:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina zaune kusa da Boston, ina da takardar zama ta dindindin, aikin rana nake yi a kanti. Na ga sanarwar wani asibiti suna neman masu ƙoshin lafiya su kwana tara a sashensu na binciken barci, kuɗin kuma da ɗan kauri. Mako biyar ke nan da dawowata daga Kano. Ba na shan taba, amma ina shan shayi, nakan ɗan taɓa goro. Me ake yi wa mutum a ciki? Za su ɗauke ni? Da gaske ana biya? Sannan aikin su masu lura da na'urorin da dare ya ba ni sha'awa, ta ina ake fara shi? Allah ya saka.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Nura. Tafiyar Kano ce za ta fara tare ka. Tsakanin Najeriya da Boston awa biyar ne a lokacin zafi, shida a lokacin sanyi, kuma yawancin binciken agogon jiki, wato tsarin cikin jiki da ke saita lokacin barci da farkawa, ba sa ɗaukar wanda ya tsallaka fiye da bambancin awa biyu a wata ukun da suka wuce. Sai ka jira. Kada ka ɓoye.

Tantancewa takan tafi haka. Za a kira ka a waya a yi maka tambayoyi. In ka wuce, ka je a auna tsawo da nauyi, a ɗauki jini da fitsari, a duba bugun zuciya, wasu su haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa don su tabbata za ka iya zaman kaɗaici. Daga nan sai mako biyu zuwa uku a gida: ka zaɓi awa takwas na kwanciya, misali sha ɗaya na dare zuwa bakwai na safe, ka riƙe su kullum har Asabar da Lahadi. Za a ɗaura maka wani agogon hannu mai auna motsi da haske, ka rubuta lokutan barcinka, wasu ma sai ka buga musu waya in za ka kwanta da in ka tashi. Babu ƙailula. Da yawa daga cikin waɗanda ake sallama a nan suke faɗuwa, ba a asibiti ba.

Shayi, kofi, lemon kwalba mai baƙi, cakulan, duk a ajiye. Goro ma, don kafeyin ne a cikinsa, kuma Bature mai yi maka tambaya ba lalle ya san goro ba, kai za ka faɗa. Ranar shiga ana sake gwada fitsari. Ka daina a hankali tun yanzu. Wanda ya yanke kwatsam yakan sha ciwon kai na 'yan kwanaki.

Dakta Aminu:
Ƙanina, ka cire wa ranka cewa barci za ka je yi a biya ka. Da yawa daga cikin waɗannan bincike a kan hana barci suke.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake kwantar da kai a gado a kishingiɗe, cikin haske dishi-dishi, ido biyu na awa talatin zuwa hamsin, ba ka sauka ko don bayan gida, tasa ake kawo maka. Abinci ɗan kaɗan ne duk awa, iri ɗaya, ma'aikaci na zaune kusa da kai yana jan ka da hira don kada ka yi gyangyaɗi. Dalili shi ne tsayuwa, cin abinci mai nauyi, haske da barci duk suna ɓoye ainihin bugun agogon jiki, sai an daidaita su yake fitowa. Na biyu shi ne a sauya maka tsawon yini, a mai da shi awa 28 ko 20, a ɗakin da ba taga, ba agogo, ba waya, ba intanet. Da wannan hanyar Charles Czeisler da abokan aikinsa na asibitin Brigham and Women's suka nuna a 1999 cewa agogon jikin ɗan Adam yana zagayowa a kusan awa 24 da minti 11.

Abin da zai taɓa jikinka: robar jini a jijiyar hannu wadda ake ɗiba ta cikinta sau da yawa, har kana barci, ta wata siririyar tiyo da ke ratsa bango, wayoyi a kai da fuska, gwajin kwamfuta na minti goma da ake maimaitawa, kana danna maɓalli da zarar lamba ta bayyana. Wasu binciken suna auna zafin cikin jiki da siririyar waya ta dubura, a jikinka take wuni. Mutane na jin nauyin tambayar wannan, ka tambaya. Ka tambayi jimillar jinin da za a ɗiba. Idan ta kusa rabin lita, daidai take da ba da jini, kada ka ba da wani kafin mako takwas.

Ranar fita kada ka tuƙa mota. A zo a ɗauke ka.

Nura:
Dakta, to in babu agogo babu taga, salla fa?

Malam Isiyaku:
Ita ce tambayar da ya kamata ta zo farko. A binciken da aka ɓoye lokaci, an hore ma'aikata kada su faɗi ƙarfe nawa, ko "barka da safiya" ba sa cewa. Idan aka riƙa sanar da kai Azahar ta yi, binciken ya lalace. Don haka ka tambayi mai kula da binciken tun a waya: ana ɓoye lokaci ko ba a ɓoyewa? Zan iya tsayuwa da sujada? Ruwa zai iya taɓa kaina da hannun da ke da roba? Ka kai amsoshin wa malamin da ka amince da shi kafin ka sa hannu, domin wannan shiga ce ta ganin dama, ba jinya ba ce. Ka duba kada ranakun su faɗa cikin azumi, kuma kwana tara dole ya ci Juma'a. Abinci awo ake yi kuma sai ka cinye, ka nemi na kifi ko ganye tun farko. A ganina ka fi samun sauƙi da binciken kwana ɗaya ko biyu, ko wanda ake yi daga gida da agogon hannu. Kuɗinsu kaɗan ne, amma babu wannan ruɗani.

Baba Ɗanladi:
Maganar kuɗi, ɗana. Ana biya, amma karanta takardar amincewa, shafin biyan kuɗi. Yawanci kashi-kashi ne: ɗan abu na tantancewa, na kowace kwana, sai wani ƙari ga wanda ya kai ƙarshe. Adadin da ke jikin sanarwa na wanda ya cika komai ne. Kana da 'yancin fita ko yaushe, su ma suna iya sallamar ka, sai a biya ka na kwanakin da ka yi. Kuɗin kan ɗauki makonni kafin ya iso. Ana biyan haraji a kansa, za su nemi lambarka ta Social Security. Ka raba kuɗin da awannin kwana tara, ka cire albashin kanti da za ka rasa, sannan ka ga ko ya kai.

Ɗalibai masu bizar F-1 da ke karantawa, ku kada ku shiga sai kun tambayi ofishin ɗaliban waje na makarantarku, domin ana iya ɗaukar kuɗin a matsayin aiki ba izini, kuma ana iya cire kashi 30 na haraji tun daga tushe.

Binciken gaskiya yana da sunan babban mai bincike da lambar kwamitin ɗa'a da ya amince da shi. Ka neme shi a shafin intanet na ClinicalTrials.gov, ko a shafin Rally idan na asibitocin Mass General Brigham ne. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Anti Zulai:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu. Aikin ya bambanta da bincike: marasa lafiya ne likita ke turowa, mafi yawa masu minshari da ɗaukewar numfashi a barci. Awa goma zuwa sha biyu ne, dare uku ko huɗu a mako, ma'aikaci ɗaya da majinyata biyu.

Haɗa mutum ɗaya kan ci minti 45 zuwa awa guda. Ka auna kai da tef daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, da kunne zuwa kunne, ka yi alama a kashi 10 da kashi 20 na tsawon da ka auna, nan za a manna wayoyin. Ka goge fatar wurin da man gogewa, ka cika ƙoƙon waya da man da ke ɗaukar lantarki, ka danna ka rufe da bandeji. Shida a kai, biyu a bayan kunne, biyu a gefen ido, uku a haɓa, biyu a kowane ƙwauri, biyu a ƙirji don zuciya. Sai ɗamara biyu a ƙirji da ciki, robar hanci mai auna matsin iska, na'urar jin ɗumin numfashi a saman leɓe, da ta yatsa mai auna iskar jini. Wayoyin kai dole turjiyarsu ta zama ƙasa da kilo-om 5. Kafin kashe wuta ka gwada ta lasifika: buɗe ido, rufe ido, kalli hagu da dama, ƙifta, cije haƙori, riƙe numfashi daƙiƙa goma, motsa ƙafa. Idan wani layi bai amsa ba, yanzu ne lokacin gyara, ba ƙarfe biyu na dare ba.

Abin da ke lalata dare: gumi yana sa layi ya riƙa lilo a hankali har ya yi kama da barci mai nauyi, maganinsa a sanyaya ɗaki a rage bargo. Layi ya yi kauri baƙi ƙirin, lantarkin gini ne ya shiga saboda waya ta saki. Wayar bayan kunne in ta ɗauko bugun zuciya, ka matsar da ita sama ko ka koma ta ɗayan gefen. Jan farce na rikita na'urar yatsa. Man gashi na hana waya kamawa, kitso ƙanana kuma kan rufe wuraren awo, shi ya sa ake gaya wa mata su zo da wankakken kai ba mai, kitso manya ko a tsefe. Mace na iya neman mace ta haɗa ta, ta kuma yafa gyale a kan wayoyin.

Karatun sakamako daƙiƙa 30-30 ake yi, awa takwas shafi 960 ke nan, kowanne ka ba shi suna: farke, ko ɗaya daga matakan barci, N1, N2, N3 (daga mai sauƙi zuwa mai nauyi) ko REM (na mafarki). Iska ta ragu da kashi 90 na daƙiƙa goma, ɗaukewar numfashi ce. Ta ragu da kashi 30 tare da faɗuwar iskar jini da maki 3 ko farkawa, raguwa ce. Idan ɗaukewa da raguwar suka faru sau biyar zuwa 15 a awa, ciwon mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da haka mai tsanani. Daren gwada injin CPAP, mai hura wa majinyaci iska ta takunkumi don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, ana farawa daga matsi 4, a ƙara ɗaya-ɗaya, ba a ƙarawa kafin minti biyar, iyaka 20 ga manya. Kuskuren sabon shiga shi ne ƙara matsi alhali iska ce ke zurara ta gefen takunkumi ko ta baki. Ƙarin matsi ƙarin zurara yake kawowa, wani lokaci ma ya sa ƙwaƙwalwa ta daina ba da umarnin numfashi na ɗan lokaci.

Hanyar shiga: shaidar gama sakandare, takardar ceton rai ta BLS, sai ko dai kwas a kwalejin da CAAHEP, hukumar tantance kwasa-kwasan ma'aikatan lafiya, ta amince da shi, ko shirin horaswa na A-STEP na AASM, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, mai kwas ɗin farko na awa 80, ka nemi gurbin ɗan koyo ka tara awanni. Hukumar BRPT, mai yi wa ma'aikatan gwajin barci rajista, ke ba da jarrabawa: CPSGT ta masu farawa, mai wa'adin shekara uku, sai RPSGT da ake sabuntawa duk shekara biyar. Jihohi irin su Kalifoniya, New Jersey da Maryland suna da nasu rajistar daban, ka duba dokar jihar da za ka yi aiki.

Dakta Aminu:
Anti ta cika. Ƙari ɗaya: sassan bincike na jami'o'i ma suna ɗaukar ma'aikata, su ne masu zama da mutum su hana shi barci, amma sun fi neman mai digiri, kuma ba duk awanninsu ke shiga lissafin jarrabawar BRPT ba sai idan akwai haɗa wayoyi da karatun sakamako a ciki.

Hajiya Rabi:
Nura, ka lura da jerin abubuwan biyu. Wanda ya yi aikin dare a kai a kai, binciken agogon jiki da yawa ba sa ɗaukarsa sai bayan shekara ɗaya zuwa uku da bari. Ranar da ka karɓi aikin Anti Zulai, ƙofar binciken ta rufe. Idan duka biyun kake so, bincike ne farko: ka cika wata uku da dawowa, ka bar goro da shayi, ka warware maganar salla, ka yi rajistar BLS da A-STEP a cikin wannan jiran.

Nura:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Gobe zan kira su in fara da tambayar ɓoye lokaci da ta wayar zafin jiki. Anti, zan dawo miki a kan A-STEP.