Masu ɗaukar hoton biki, wane lens zan saya?

Salam 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina ɗaukar hoton biki a Katsina da kyamarar Canon 700D, lens ɗina 18-55mm ne, wajen ɗaurin aure da rana ba matsala, amma da an shiga ɗakin amarya ko wajen kamu da yamma sai hoto ya yi duhu, in na ɗaga ISO (saitin ƙara wa hoto haske a kyamara) kuma lallen hannunta duk ya dagule. Na ari lens 50mm f/1.8, haske kam ya yi, to amma a kyamarata kamar 80mm yake zama, wato yana matso da abu kusa sosai, ɗaki ƙarami ƙawaye sun cika, na ja baya har bango ban samu kowa ya shiga ba. Kuɗin guda ɗaya gare ni, Sigma 17-50mm f/2.8 zan ɗauka ko 35mm f/2? Wanda ya gwada ya taimaka, bikin ya matso wallahi.