Direba ko akala? Neman sunan abin da ya hana wasanmu tashi

Jama'a, kalma nake nema. Kwana uku muka kwashe ni da ƙanena muna fama da wata kwamfuta da muka haɗa da hannunmu, kuma rabin wahalar daga kalma ɗaya ta fito, wato direba. Ina nufin 'yar manhajar nan da Turawa suke kira driver, wadda in babu ita Windows ba zai iya sarrafa katin hoto ko na sauti ko na intanet yadda ya kamata ba. Masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano direba suke cewa, ni ma haka na taso ina cewa. Yanzu dai na fara zargin kalmar.

Bari in fara da labarin, don a san inda ta cuce mu.

Yaron nan ya fi shekara yana tara kaya ɗaya bayan ɗaya. Bod sabo, wato babban faifan da ake jona komai a jikinsa, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ram (ma'ajiyar wucin gadi) sababbi, katin hoto na hannu, sai SSD na ajiye fayiloli. Burinsa duka wani wasan harbi ne da ake bugawa ta intanet, abokansa sun daɗe a ciki shi yana kallo. Muka ɗaure komai, muka ɗora Windows 11, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Ya miƙe yana murna ya ce, "Yaya, an gama." Na ce ka sa direbobi? Ya nuna min allon ya ce, "Ai ga ta nan tana tafiya."

Ku dubi amsar nan da kyau, domin ba wauta ya yi ba. Hausa ya yi tunani da ita. Mota in tana tafiya, to akwai direba a ciki, kuma mota ɗaya direba ɗaya gare ta. Wanda ya ji kalmar haka zai ɗauka abu guda ne da ake sa wa kwamfuta sau ɗaya a huta. Alhali kuwa kowane sashe da nasa: katin hoto da nasa, sauti da nasa, kafar intanet da nata, shi kansa bod ɗin da nasa.

Tun ma kafin a zo maganar wasa, kafar intanet ta jikin bod ta ƙi aiki, don Windows bai zo da abin sarrafa ta ba. Ga shi kuma sai da intanet za a sauke shi. Muka jona waya da kebul muka ba kwamfutar data ta nan, muka kuma gaya wa Windows cewa layin na awo ne, don kada ya shanye mana data da sabunte-sabunte. Ashe da hannunmu muka toshe ƙofa: in ka yi haka, Windows ba ya sauke direbobi da kansa sai ka ba shi izini.

Kuskuren farko mai sauƙi ne. Ana tsakiyar sauke wasan aka ɗauke wuta, da ta dawo aka ci gaba, da aka zo girkawa ya ce wasu fayiloli sun lalace. Ƙanena har ya kai hannu zai goge ya sake daga farko, na riƙe shi. Manhajojin sauke wasa irin su Steam suna da wurin da za ka ce su bincika lafiyar fayilolin, sai su sake sauke abin da ya lalace kawai. Wannan ya wuce.

Na biyu, wasan ya ce bai ga VCRUNTIME140.dll ba. Nan ma yaron ya ce, "To wannan ne direban?" Ba shi ba ne. Fayil ne na Visual C++ da Microsoft yake bayarwa kyauta, a sauke kunshin daga shafinsu, na x64 da na x86 duka, a girka. Kada wanda ya yaudare ku ku je kuna tsinto fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba a san asalinsu ba, ta nan ƙwayar cuta take shiga. Abin da ya dame ni a nan shi ne yadda kalmar ta zama buhu, duk abin da ya ɓace a kwamfuta sai a jefa shi ciki a ce direba ne.

Na uku shi ne ya ci mana kwana biyu. Wasan ya girku, a danna shi, allo ya yi baƙi ya dawo, ya ce katin hotonmu ba ya ɗaukar DirectX 12, wato manhajar Windows da wasanni suke bi ta cikinta su yi zane a allo. Katin kuwa ya ɗauka, mun duba kafin a saya. Har mun fara zargin wanda ya sayar mana. Sai da na buɗe Device Manager, wurin da Windows yake jera sassan kwamfuta, na ga inda sunan katin ya kamata ya fito an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Wannan shi ne ɗan abin wucin gadi da Windows yake lallaɓawa da shi don dai ka ga allo, ba ya iya taɓa ƙarfin katin. Na leƙa bayan akwatin kwamfutar kuma, sai ga kebul ɗin HDMI mai kai hoto zuwa allo a jikin bod, katin da aka yi shekara ana tara wa kuɗi yana zaune ba a jona masa komai ba. Muka mayar da kebul wurinsa, muka sauke direban daga shafin kamfanin da ya yi katin, muka kashe muka kunna. Wasa ya tashi.

To ga tambayata: me za mu kira wannan abu da Hausa, yadda wanda ya ji sunan zai gane cewa kowane sashe da nasa?

Amsoshi sun fara shigowa, na gode. Da yawa sun ce matuƙi. Ku yi haƙuri, wannan canza wa tuwo suna ne. Matuƙi ma ɗaya ne a mota, ruɗanin yana nan yadda yake.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su a can pilote suke gani a rubuce, wato Faransawa ma matuƙin suka bi, nasu dai na jirgi ne. Wani kuma da ya yi karatu a Sudan ya ce masu gyara a ƙasashen Larabawa ta'arif suke cewa, kamar dai gabatar da na'urar ake yi ga kwamfuta don ta san ta. Wannan ya burge ni. Ba su tsaya fassara kalmar Turanci ba, aikin abin suka duba suka raɗa masa suna. Mu ma babu wanda ya ɗaure mu da mota.

An kawo dillali, na yi dariya, don har la'adarsa yana ci, tunda shi ma yana shan ram da lokacin furosesa. Amma dillali na kowa ne, duk wanda ya zo da kaya zai shiga tsakani. Direban katin kamfanin Nvidia kuwa ba zai kalli katin kamfanin AMD ba ko da kallo.

Tafinta ita ce ta fi samun ƙuri'a, kuma da farko ni ma can na karkata. Hujjar tana da ƙarfi. Wasa ba ya magana da katin hoto kai tsaye. Yana faɗa wa DirectX abin da yake so a zana, saƙon ya wuce wurin direba, shi kuma ya juya shi zuwa umarnin da wannan katin kaɗai yake ganewa. Aikin tafinta ke nan sak. Kuma kowa ya san tafintan Larabci ba zai yi maka Faransanci ba, don haka batun kowane sashe da nasa ya fito.

Sai wani malami mai koyar da rubuta manhaja ya taka mana burki. Ya ce, "Malam, wannan kujerar akwai mai ita." A fagensu akwai abin da ake kira interpreter, manhajar da take karanta umarnin harshe irin Python tana zartarwa, kuma ita kanta kalmar tafinta daga wannan kalmar Turancin Hausa ta aro ta tun zamanin Turawan mulki. In muka ba direba sunan yau, gobe ɗalibinsa zai zo ya rasa abin da zai kira nasa. Na karɓi wannan, Allah ya ƙara ilimi. Bai dace mu warware ruɗani ɗaya ta hanyar ƙulla wani ba.

Linzami ma an riga mu, ɓeran kwamfuta ya ɗauka, ga kuma makami mai linzami a labarai kullum. Ragama kuwa 'yan siyasa sun tafi da ita, da ka faɗa sai a ji ragamar mulki.

Wata 'yar'uwa daga Agadas ce ta rubuto layi ɗaya: "Yaya, a ayari kowane raƙumi da akalarsa." Tun da na karanta ban sake sakin kalmar ba.

Ku duba. Raƙumi ƙato ne mai ƙarfi, kuɗi mai yawa aka sa aka saye shi, amma in babu akala sai dai ka tsaya kana kallonsa, kamar yadda katinmu ya kwana biyu a cikin akwati fankarsa tana juyawa ba ya tsinana komai. Akala ba ita ce take tafiyar ba, ba kuma ita ce mai yanke shawarar inda za a nufa ba. Ita ce dai abin da mai ja yake riƙewa ya isar da nufinsa ga dabbar. Mai ja a nan Windows ne. Wannan ma ya gyara wani kuskure da kalmar direba take sa mu yi, na ɗauka cewa ita 'yar manhajar ce take tuƙa kwamfutar.

Na gwada ta a jimlolin da muke faɗa a bakin aiki, don nan ne kalma take rayuwa ko ta mutu. Ka sa akalar katin hoto? Akalarka ta tsufa, sabunta ta. Wannan akalar ba ta wannan katin ba ce. Cire tsohuwar akala kafin ka ɗaura sabuwa. Duk sun zauna a baki, har ɗaurawa ta zo da kanta a madadin girkawa.

Wadda ta fi daɗi ita ce wannan. Masu buga wasa sun san lokacin da allo yake ɗauke wa na ɗan lokaci ya dawo, Windows ya sanar cewa direban hoto ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Abin da yake faruwa shi ne, in katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows yana sake tayar da direban maimakon ya bar kwamfutar ta sandare. Da Hausa sai mu ce akala ta kuɓuce, an sake kamawa. Ko kakata za ta gane abin da ya faru.

Ba zan ɓoye inda ta yi rauni ba, tunda wani ya riga ya tono. Wasannin intanet da yawa suna zuwa da manhajar hana maguɗi, kuma wasu daga cikinsu a fasahance direbobi ne da suke zama can cikin zuciyar Windows. Vanguard na wasan Valorant, wanda Riot Games suka fitar a 2020, misali ne sananne, kuma a Windows 11 sai an kunna wasu matakan tsaro biyu, TPM 2.0 da Secure Boot, yake yarda wasan ya buɗe. Masu haɗa kwamfuta da kansu suna yawan cin karo da wannan, maganinsa kuma a BIOS yake, wato saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi, inda TPM ɗin yake ɓuya da sunan fTPM a bod na AMD, PTT a na Intel. To irin wannan direban ba shi da wata na'ura da yake ja. Akala ce babu raƙumi. Gaskiya ne, na amsa. Sai dai kalmar Turancin ma a nan gurguwa ce, tunda babu abin da yake tuƙawa. In an zo kansa sai mu kira shi da aikinsa, mai gadin wasa, mu wuce.

Wani kuma ya ce akala igiya ce, ba ta magana, alhali direba fassara yake yi. Haka ne, tafinta ta fi ta a nan. Amma wanda yake zaune gaban allo da kuskure a rubuce ba fassarar ce ta dame shi ba. Abin da yake buƙatar sani shi ne wane sashe ne ba a kama ba, kuma akala tana tura shi ya ƙirga raƙumansa.

Don haka ni dai na tsaya a nan: a rubutu da koyarwa zan riƙa cewa akala, akalar katin hoto, akalar sauti, akalar intanet. A kasuwa na san direba za a ci gaba da ji, ba ni da rigima da kowa, in na je sayen kaya ni ma shi zan faɗa don kada a yi min kallon baƙo. Jam'inta kuma akaloli nake ji a bakin mutane, wanda garinsu suke da wani ya faɗa mana.

Yanzun nan ƙanena ya leƙo daga ɗaki, abin sauraro a wuya. Wasa yana tafiya, abokansa suna jin sa, shi ba ya jin kowa. Ya ce, "Yaya, ina jin akalar sauti ce ba mu ɗaura ba." Bari in je in duba.