Faya-fayan Blu-ray ɗina za su lalace, ya zan juye su a filashi?

Abu Yasir, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka min da shawara. Yayana ya yi shekaru yana aiki a Jidda, da zai dawo ya zo da kwali guda na faya-fayan Blu-ray, na ƙirga 43 ne, yawanci na namun daji ne da na teku da tarihin ƙasashe sai 'yan katun na yara, duk orijina ne da kuɗinsa ya saya. Yanzu ya koma Kaduna da iyalinsa ya bar min su har da na'urar kunnawa. To na'urar ta fara ciwo, sai ta haɗiye faifai ta yi ta gurnani can ta tofo shi, na kai wa mai gyara ya ce idon ne ya mutu kuma ba shi da irinsa. Ga yara ba sa barin abu wuri ɗaya, guda biyu sun riga sun karce, ga ƙurar hunturu ta shiga kwalin. Wallahi abin na damuna don mahaifinmu ba ya kallon komai sai waɗannan na dabbobin, bayan isha'i shi ne hirarsa da jikoki.

Abin da nake so shi ne in juye su su zama fayil in sa a filashi in maƙala a bayan talabijin. Na sa ɗaya a laftof ɗina ko motsi bai yi ba kamar ban sa komai ba. Laftof ɗin tsohuwar HP ce Core i5, talabijin kuma inci 32. Ta ina zan fara?

Injiniya Gusau:

Wa alaikumus salam Malam Abu Yasir. Laftof ɗinka lafiyarta lau, draib ɗin da ke cikinta na DVD ne, shi da jan haske yake karatu, Blu-ray kuwa haskensa shuɗi ne mai siriri, daga nan ma sunan ya samo asali, shi ya sa bai ga komai ba. Dole ka nemi draib na Blu-ray na waje wanda ake jonawa ta USB. A nan Gusau ban taɓa ganinsa a shago ba, nawa daga Kano anka kawo min, kai ma ka sa a duba maka can ko ka yi oda ta intanet, kuma ka tabbatar an rubuta BD a jikinsa don wasu za su miƙo maka na DVD su ce ai duk ɗaya ne.

Aikin hawa biyu ne, inda mutane ke ruɗewa kenan suna neman manhaja ɗaya ta yi duka. Na farko MakeMKV, ita ce ke buɗe makullin da kamfani ya sa wa faifan ta kwaso fim ɗin yadda yake ba ragi ba ƙari ta aje maka shi a fayil na MKV. In ta buɗe faifai za ka ga jerin abubuwa da yawa, tallace-tallace ne da hirar 'yan fim, ka cire alama a kansu ka bar wanda ya fi girma, yawanci shi ne fim ɗin, sai dai na namun dajin nan da ke zuwa kashi-kashi ka zaɓi duk masu tsawon kusan awa ɗaya. Amma fa ka shirya wuri, faifan Blu-ray mai hawa ɗaya giga 25 yake ɗauka mai hawa biyu giga 50, alhali DVD na gama-gari 4.7 ne kawai. In ka ce haka za ka aje su 43 ɗin nan ko ekstanal, wato ma'ajiyar waje da ake jonawa ta USB, mai tera ɗaya (giga 1,000) ba lallai ya ishe ka ba.

Shi ya kawo hawa na biyu, HandBrake, kyauta ce. Ita ba ta buɗe makulli, matsewa ce aikinta. Ka ja fayil ɗin da MakeMKV ta ba ka ka jefa mata, ka zaɓi setin Fast 1080p30, bidiyo H.264 (sunan tsarin matse hoton kenan), wurin kwaliti akwai lamba da ake ce ma RF ka bar ta tsakanin 20 da 23. Lura, lambar a juye take, in ta yi ƙasa hoto ya fi kyau fayil ya fi nauyi, in ta hau fayil ya ragu hoto ya fara dishi-dishi. Ni a 22 nake barin nawa, fim na awa biyu yakan dawo min giga 4 zuwa 6, wani ya wuce haka in hoton mai yawan motsi ne kamar ruwa ko ciyawa.

Ɗan Argungu:

Injiniya ya yi bayani amma ni ina da ja wuri ɗaya. Mi za ya yi da 1080 ga talabijin inci 32? Mafi yawan masu wanga girma allon nasu bai wuce 720 ba, ko ka ba shi hoto mai nauyi rage shi za ya yi. Ka sa Fast 720p30 kawai kowane fim ya dawo giga 2 ko ƙasa, duka kwalin ya shige filashi mai 128 har da canji, kuma aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sannan mi ya hana H.265, tsarin matsewa da ya zo bayan H.264? Ni da shi nike yin nawa, ya fi matsewa ƙwarai kuma a waya lafiya lau yake yi da manhajar kallo ta VLC.

Injiniya Gusau:

Ɗan Argungu maganar 720 ɗinka tana kan hanya, ban ƙi ba, in dai ba ya da niyyar canza talabijin nan kusa. Abin da nake ji masa shi ne gobe Allah ya hore ya sayi mai inci 50 ya ga hoton ya baje, lokacin kuma ƙila faya-fayan sun gama karcewa ba damar sakewa. Ko katun ɗin yara ya yi su a 720, na namun dajin da Baba ke kallo ya bar su a 1080, don su kyawun hoton ne amfaninsu.

Amma H.265 kam a'a, kar ka sa bawan Allah wahala. Kai a waya kake kallo, shi a bayan talabijin zai maƙala, kuma tsofaffin talabijin da yawa ba su san H.265 ba, sai dai su rubuta maka fayil bai buɗuwa. Ga shi ya fi cin lokaci, tsohuwar Core i5 da za ta yi H.264 a awa uku ko huɗu tana iya kwana tana H.265, a wannan wutar tamu da ba ta da alƙawari.

Maman Hanifa, Jega:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce amma na sha wuyar abin nan lokacin da na juye wa yarana nasu, bari in faɗi inda na yi tuntuɓe. Na farko na gama komai na sa a talabijin hoto tar amma shiru ba murya, na zata na ɓata aikin ne har na goge na sake, ashe sautin faifan wani tsari ne da ake ce wa DTS, talabijin ɗin ba ya jin sa. A HandBrake ka shiga wajen sauti ka tabbatar AAC ne sitiriyo, shi kowace na'ura na karɓa, kuma ka duba yaren da ka zaɓa tunda daga Saudiyya suke wataƙila akwai Larabci akwai Turanci, har ka iya barin duka biyun. Na biyu filashi. Ya ce min fayil ya yi girma alhali fanko ne, ƙanina ne ya gane da tsarin ajiya na FAT32 aka yi masa fomat, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Sai an mayar da shi NTFS ko exFAT, ka gwada ka ga wanda talabijin ɗinka ke gani, nawa NTFS kawai yake gani, kuma ka kwashe kayanka kafin fomat don share komai yake.

Sai rubutun fassara na ƙasan allo, na Blu-ray hoto ne ba rubutu ba, talabijin da yawa ba sa nuna shi ta filashi. In Baba na buƙatarsa ka sa alamar Burn In ya manne a jikin hoton, amma ka sani in ya manne ba ya cirewa.

Don Allah Abu Yasir kar ka fara da fim gaba ɗaya. Akwai wurin da za ka ce wa HandBrake ta yi babi na 1 zuwa na 1 kawai, minti kaɗan ta gama, ka kai talabijin ka ga hoto ka ji murya, sannan ka saki sauran.

Abu Yasir, Birnin Kebbi:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Hajiya Maman Hanifa kamar kin san abin da zai faru, gwajin farko shiru ba murya sai da na koma AAC. Draib ya iso ranar Talata ta hannun wani direba. Na yi guda biyar yanzu, na Baba a 1080 na yara a 720 yadda Injiniya ya raba, jiya ya kalli na zakuna bai ma san ba faifai ba ne. Matsala biyu ta rage, laftof na zafi sosai har ta mutu sau ɗaya da rana aiki ya kai kashi 80, da na kunna daga farko ta soma. Sannan ɗaya daga cikin masu karcewar MakeMKV ta tsaya a tsakiya tana nuna kuskure. Kuma wani mai tura finafinai a unguwarmu ya ce in ba shi ya zuba a kwamfutarsa, ban dai amsa masa ba.

Injiniya Gusau:

Zafin Birnin Kebbi da HandBrake ba sa shiri, firosesa take ja har ƙarshe. Ka bar yi da rana, ka jera fayilolin a layi a cikin HandBrake da dare, ka ɗaga bayan laftof da ɗan katako iska na shiga ta ƙasa, kar ka aje ta kan katifa ko darduma, in da hali a hure mata ƙura. In wuta ta ɗauke kuma batir ya ƙare, HandBrake ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, don haka in kana da sola ko inbata a kai za ka jona. In laftof ta ci gaba da mutuwa ka gwada H.264 mai QSV, wato wanda ke aiki da sashen bidiyo na Intel, a jerin zaɓin bidiyo na HandBrake, in laftof ɗin na da shi, ya fi sauri da sauƙin zafi sai dai fayil ya ɗan ƙara nauyi.

Mai tura finafinai kam ka ba shi haƙuri, kai naka ka saya kana adanawa don gidanka, shi sayarwa zai yi kuma haƙƙin masu shi ne. Mai karcewar kuma ka wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, ka goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki ba zagaye ba, ya bushe sarai ka sake gwadawa, sau da yawa maiƙon hannun yara ne ba karcewa ba. In ya sake tsayawa ka turo min abin da ta rubuta a ƙasa in gani.