Abin da aka tattauna kan sauya op-amp a amfilifayar hedfon ta haɗin gida

Jama'a, zancen da aka yi kan sauya op-amp, wato ƙaramin aisi (IC) da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda a fara sa soket mai ƙafa 8, kada a like aisin da dalma. A cire batir kafin a sauya.

2. Op-amp mai tashar sauti ɗaya da mai biyu ƙafafunsu ba iri ɗaya ba ne. OPA2134, NE5532 da TL072 duk masu biyu ne. Mai ɗaya, kamar OPA627, sai da adafta.

3. Bayan kowane sauyi a auna DC (wutar da ke tafiya gefe ɗaya, irin ta batir) a mafitar sauti da mita kafin a jona hedfon. Wannan ne ya fi damuna, domin NE5532 kan fitar da DC mai yawa a tsarin CMoy (wata ƙaramar amfilifayar hedfon ta haɗin gida mai aiki da batir), kuma hedfon mai tsada ne zai sha wahala. Idan aisin ya yi zafi, a duba kafasita (ƙaramar ma'ajiyar wuta) mai 0.1µF kusa da ƙafafunsa na wuta.

4. Masu haɗa op-amp biyu don ƙarin ƙarfi sun ce kowace mafita a sa mata ƙaramar rizista (mai rage gudun wuta), kamar ohm 1.

Inda aka rabu: wasu sun rantse OPA2134 ya fi daɗin sauti, wasu sun ce in aka daidaita ƙara, kunne ba zai bambance ba.