Zan shiga Durbi ta Kusheyi ɗaukar tarihi, me ake ba tsofaffi?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Aikin kammala karatuna kan Durbi ta Kusheyi ne, tsohuwar makabartar sarakuna ta ƙasar Mani a jihar Katsina. An haɗa ni da wani dattijo da ya san labarin Durbawa, sarakunan Katsina na farko, tun daga Kumayau har Sanau. Asabar zan je. Kuɗi zan ba shi ko goro da sabulu? Kuma in gaya masa ina naɗar muryarsa, ko in bar wayar a aljihu?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ai Palmer, Baturen mulkin mallaka, ya tona kusheyin nan tun 1907, zamanin Sarkin Katsina Dikko. Je ka laburare ka huta.

Baban Sadiku: Ni da na ji an ce bincike sai gabana ya faɗi. Kakana yana da wasu takardun ajami a gafaka, sunayen masu garinmu ne da shekarun yunwa. Wani ya zo da mota, ya durƙusa har ƙasa, Baba kaza Baba kaza, a ara masa ya kwafa, mako biyu zai dawo da su. Ni na ɗauko masa gafakar da hannuna. Tsohon nan har ya koma ga Allah yana tambayata, "Yaron nan bai zo ba?" Dubu ɗaya ya ajiye a tabarma.

Maman Ilham: Allah ya isa. Allah ya jiƙan Baba.

Baban Sadiku: Amin. Lambar da ya bari ma ta mai sayar da taya ce.

Na Bakin Kasuwa: Dubu biyu da goro ta wadatar. Haka na yi a namu garin.

Malam Ticha: Dubu biyu a wannan marra? Ni goma na bayar, kuma sai da na fara gaida mai gari.

Na Bakin Kasuwa: Malam, ku ne kuke ɓata tsofaffi. Da ka nuna kuɗi sai a ƙara wa labarin gishiri, aljanu su yi yawa.

Malam Ticha: Kai da ka tashi a birni, yaushe ka zauna gaban tsoho? Bari 'yan ƙasar su yi magana.

Ɗan Acaɓa: Shawarata ɗaya, kada ka gaya wa madam sirrin aikin. Sanau ma an ce matarsa ce ta tona asirin layarsa, baƙonsa Korau, mutumin 'Yandoto, ya kayar da shi a kokawa. Shi ya sa ake wa Korau kirari: Yanka mashidi (wato mai masauki), baƙon Sanau!

Maman Ilham: Kullum dai mata. Wa ya ce ya sauki baƙo daga 'Yandoto?

Bakatsine: Kayan da aka tono a 1992 har Jamus aka kai su gyara, akwai 'yan kunnen zinariya a ciki.

Baban Sadiku: Su an san inda suka je. Mu har tsamiyar da ake cewa nan wanda ya kafa garinmu ya fara sauka, bara masu gawayi suka kwantar da ita.

Ɗalibi: Jama'a, wayar fa? In nuna ko in ɓoye?

Na Bakin Kasuwa: Baban Sadiku, nawa buhun gawayi yanzu a wajenku?