Shekara arba'in ɗin Yaya: sadaka ce, ko biki ne aka naɗa wa rawani?

Daga zauren WhatsApp na wani gida a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Auta: Salamu alaikum. Wata mai kamawa Yaya Babba zai cika arba'in. Ya ce ba kek, ba kama ɗakin taro. Da kuɗin zai sayi gero da shinkafa a raba a ƙofar gida, abin da ya rage a biya wa marasa lafiya kuɗin magani. Ni ne mai ɗaukar hoto.

Kawu: Wa alaikumus salam. Wannan ai bikin ranar haihuwa ne aka naɗa wa rawani. An ɗauke kek an ajiye buhu, ranar kuwa tana nan daram. In don Allah ne, mi ya haɗa sadaka da kwanan wata?

Anti Malama: Kawu, Allah ya ƙara girma, arba'in daban take. A Suratul Ahƙaf, aya ta 15, Allah ya ambaci mutum idan ya kai arba'in, yana roƙon a kimsa masa godiya kan ni'imar da aka yi masa da iyayensa, a kuma shirya masa zuriya. Annabi (SAW) ma yana da arba'in aka aiko shi. Ciyarwa kuwa godiya ce.

Kawu: Addu'a ayar ta koyar, ba ta ce a tara jama'a ba. Kuma in da ayar za ku bi, kun makara. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11, don haka yayanku ya wuce arba'in fiye da shekara guda ke nan, ba wanda ya motsa.

Auta: Kai, Kawu ya kama mu!

Malam Ƙarami: An tambayi Annabi (SAW) kan azumin Litinin, ya ce a ranar aka haife shi. Hadisin yana cikin Muslim. Masu halattawa da shi suke kafa hujja, masu hanawa su ce azumi ya yi, kuma duk mako, ba taron shekara-shekara ba. Malamai sun daɗe suna jan wannan igiya, ba a zauren nan za ta tsinke ba.

Gwaggo: Ni ban san ranar da aka haife ni ba, an dai ce da fam da sule aka yi sunana, naira ba ta zo ba sai 1973. Rana ba ta dame ni ba. Hoton nan na Auta ne ya tsaya mini a rai. Mace ta fito da rana tsaka, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska don kada maƙwabta su gane ta, ta miƙa hannu don tiya guda ta gero, kai kuma kana cewa "Inna ɗago, dubo nan." Kafin magariba surukanta sun gan ta a Facebook. Wallahi wata gara ta kwana da yunwa.

Auta: Gwaggo, hoton don wasu su gani su kwaikwaya ne. Baƙara aya ta 271 ta ce bayyana sadaka yana da kyau.

Anti Malama: Ƙarasa ayar mana, Auta. Ta ce ɓoyewa a ba matalauta shi ya fi alheri. Sannan rabo a ƙofar gida a wannan tsadar ba wasa ba ne. A Disambar 2024 mutane sun mutu a turmutsutsun rabon kaya a Ibadan da Abuja da Okija. Ka sayi buhu na mutum ɗari, dubu su zo, wa zai tare ƙofa?

Yaya Babba: Ina biye da ku. Layi da hoto na janye. Za a kai wa mutane har gida bayan isha'i, na asibiti kuma a biya ba tare da an faɗi suna ba. Amma Kawu, a yi mini haƙuri, ranar zan riƙe ta. Na san halina, abin da ban sa wa rana ba, gobe-gobe ke cinye shi.

Kawu: Kai ka sani. Ni dai ban sauka daga maganata ba.

Gwaggo: To a fara da gida, sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce. Yaran marigayi ƙanin babanku, biyu suna zaune tun farkon zango saboda kuɗin makaranta, uwarsu kunya ta hana ta faɗa.

Kawu: Wannan kam gobe da safe za a kai, ba a jiran wata ya kama.

Yaya Babba: An gama, Kawu. Auta, ka biyo ta shago kafin azahar, kuma ka bar wayar a aljihu.