Littattafan da na saya sun ƙi buɗuwa, ina mafita?

Maryam: Assalamu alaikum jama'a. Na sauya na'urar karatu, sai littattafan da na saya da kuɗina suka ƙi buɗuwa a sabuwar saboda makullin DRM, wato kullen da ake sa wa littafin lantarki don hana kwafarsa. Cire shi laifi ne? Kuma ina ake samun littafin da ba a kulle ba?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Ya danganta da ƙasar da mutum yake. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya makullin shi kansa, ko da ba a ba kowa kwafi ba. Tarayyar Turai ma tana da makamanciyarta tun 2001. Sai dai duk bayan shekara uku Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kan fitar da togaciya, kuma makafi na cikin waɗanda aka sassauta wa, domin makullin kan hana manhajar da ke karanta musu rubutu da murya aiki.

Habibu: Abin da ke ƙona min rai shi ne ka biya kuɗi a ce maka izinin karatu ka saya, ba littafi ba. A 2009 Amazon ta goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urar karatu ta Kindle ta waɗanda suka saya, ta mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, duk abin da mutane suka tara ya daina buɗuwa. Wanda ya cire kulle don ya adana kayansa, wallahi ban ga wanda ya zalunta ba.

Hajiya Binta: Habibu, adanawa daban, rabawa daban. Ranar da ka tura fayil ɗin ga mutum hamsin, haƙƙin marubuci ka ci, shi da ya yi shekaru yana rubutu. Littafin aro daga laburare kuwa kada ma a taɓa makullinsa, amana ce, wa'adi ya cika a mayar.

Habibu: Wannan haka yake, Hajiya.

Malam Sani: Shawarata ki fara da inda babu kulle tun asali. Kamfanin buga littattafai na Tor ya daina sa DRM tun 2012, kamfanin Baen ma ba ya sawa, haka shagon Smashwords. A shagon Kobo, ki duba bayanan littafi kafin ki biya, suna rubuta ko a kulle yake. Tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuma kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg.

Hajiya Binta: Ki ƙara da manhajar Calibre. Kyauta ce, tana tsara littattafai, tana juya su daga wannan tsari zuwa wancan. Amma ita kaɗai ba ta cire kulle.

Maryam: Na gode ƙwarai. Waɗanda suka maƙale fa?

Malam Sani: Ki sa manhajar shagon da kika saya a wayarki, ki shiga da asusunki na da, za ki same su a can.